Kawu Dantala da Saƙon Iya

Duk wanda ya san Kawu Dantala, kafin ya tuna fuskarsa sai ya tuna ƙarninsa. Kada wani ya ɓata rai, gaskiya na faɗa, shi ma ya sani. Mutum ne mai tsafta, rigarsa kullum a goge, amma a aljihun gefe akwai bandar tarwaɗa ƙunshe a takarda, rani da damina. Kuna gaisawa, kafin ka gama tambayar iyali ya zaro ta, ya buɗe, ya miƙo maka, ya kafe ka da ido. In ka miƙa hannu, sai jikinsa ya yi sanyi, ya bar ka ka ɓalli ɗan abin da bai kai farce ba, ya naɗe ya wuce. In kuwa ka ƙi, ka shiga uku, don ranar sai ya ji sunan kakan kakanka.

Abin da ban taɓa ganewa ba, duk ƙarnin nan ƙuda ba ya sauka a kansa, kyanwa ba ta bin sa. Kyanwar gidana da ke satar kifi a cikin tukunya, in Kawu ya shigo sai ta haye katanga ta zauna tana kallon gefensa. Ba shi take kallo ba, gefensa.

Yaran yanzu sun ɗauka taɓin hankali ne, shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna, don ku san abin da tsohon nan yake nema.

Iya Dije, wadda ta haife shi, ita ta haifi uwata. Ba a cikin Hausawa aka haife ta ba. Tana 'yar ƙarama aka aike ta rafi ɗiban ruwa, fatake masu jakuna suka ɗauke ta, ta tsinci kanta a wani gida a ƙasar Zazzau. Can aka sa mata Dije, can ta girma ta yi aure. Yarenta ya ɓace mata, sunan garinsu ya ɓace, har sunanta na farko. Abin da ya rage mata kaɗan ne. Ba ta ɗaukar kaya a ka sai a kafaɗa. Ta san tana da yaya mace. Ta kuma san gidansu ba a cin tarwaɗa. In aka kawo ta kusa da ita, sai ta kai hannuwanta biyu baya, ta kau da kai, ta ɗan tofar da yawu. Ta hana 'ya'yanta, su ma suka hana mu. Ni da taurin kaina na taɓa ci a gidan biki, bakina ya kumbura kamar mangwaron Zuba, ban sake ba.

Ranar da Iya za ta cika, ta riƙe hannun Kawu, lokacin yana saurayi yana tuƙa babbar mota. Ta ce da safen da aka ɗauke ta, yayarta ta mare ta saboda ta ƙi zuwa rafi.

"Ka je gidanmu," in ji ta, "ka ce wa yayata ban gudu ba. Ɗauke ni aka yi."

Ya ce to. Sai duniya ta ɗauke shi, aure, 'ya'ya, hanyar Kaduna. Ya manta, ko ya yi kamar ya manta. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa sai da furfura ta cika masa kai, wata rana da rana tsaka ya ɗauko lemo zai shiga Zuba, daidai dutsen Zuma, ya waiga ya ga kujerar gefensa ta lotsa kamar mutum na zaune. Ba kowa a motar. Ya ce bai ji tsoro ba, kunya ya ji. Cikin satin ya ajiye tuƙi.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Ɗaukar kaya a kafaɗa na Gbagyi ne, waɗanda muke cewa Gwari. To amma Gbagyi ba su ƙirguwa, kuma da aka zo gina Abuja an tashi ƙauyukansu da yawa, wasu yanzu kwalta ce a kansu, wasu rukunin gidaje. Babu wanda za ka je ka tambaya ina gidan yarinyar da ta ɓace a rafi tun zamanin Turawa. Tarwaɗa kaɗai ta rage masa. Duk wanda ya ƙi ta, wataƙila ɗan gida ne.

Wahalar da mutanen Abuja suka sha a hannunsa, Allah kaɗai ya sani. Akwai wani babban ma'aikacin gwamnati da suka haɗu a masallacin Juma'a, bawan Allah ya ce na gode, ba na ci. Kawu ya bi shi har mota. Ranar Litinin ya same shi a ofis, ya gaya wa masu gadi ɗan'uwan oga ne. Mutumin ya yi ta rantsuwa cewa shi Bakatsine ne gaba da baya, likita ne ya hana shi kifin banda saboda hawan jini. Kawu ya saurare shi tsaf, sannan ya tambaye shi shi likitan ɗan wane gari ne, kuma yana cin tarwaɗa?

A bikin 'yata ma bai bar ni na huta ba. Wan baban ango ya ƙi karɓa, Kawu ya ja shi bayan rumfa ya tsare shi, ana can ana neman waliyyi. Da na je na same su, tsohon har ya yi gumi, yana cewa azumin nafila yake yi. Kawu ya ce ba komai, zai jira magariba. Kuma ya jira. Mutumin ya sha ruwa da tarwaɗa a gabansa don ya samu kansa, Kawu ya yi tsaki ya ce an ɓata masa yini.

Sai maganar wurin zama. Tun daga abin da ya gani a dutsen Zuma, Kawu ba ya zama a benci ko a mota sai ya bar wurin mutum ɗaya a damansa. In ka zo za ka zauna, ya ce matsa can, Iya na nan. Direbobin tasi na Zuba sun san shi, suna hango shi suke ƙara mai. Na taɓa yi masa tas a kan haka. Na ce Kawu, wanda ya mutu ya mutu, wannan abin da kake yi malamai ba za su so shi ba. Ya ce shi bai ce tana da rai ba, cewa ya yi tana jira.

"Ke Ladi, in kin aiki yaro bai dawo ba, kina iya zama?"

Na ce ba na iyawa. Ya ce to ita ma tsayuwa ta gajiyar da ita, shi ya sa yake ba ta wuri. Don in nuna masa ba komai, na zauna a wurin da ƙarfi. Ba zan ce na ji wani abu ba. Amma benci ne na katako a inuwa, kuma wurin da ɗumi.

Daga baya ya gane yawo ba zai kai shi ba, ya koma kasuwar kifi ta Kado ya kafa kujera kusa da wani abokinsa mai sayar da kifi. Ya ce a nan ne mai ci da marar ci suke rabuwa. Ya daɗe a wurin har masu kasuwa suka ɗauke shi kamar turken rumfa. Ran nan wata mata ta zo sayen karfasa, ma'aikaciyar jinya ce, sunanta Rifkatu. Kawu ya miƙa mata ƙunshinsa yadda ya saba. Matar ta kai hannuwanta biyu baya, ta kau da kai, ta ɗan tofar da yawu.

Masu kifi suka ce nan take Kawu ya zauna daɓas cikin bahon ruwan kifi. Daga nan cikin bahon ya riƙe bakin zaninta. Ita kuwa ta ɗauka mahaukaci ne ko ɗan damfara, tana neman tara masa jama'a. Abokinsa ya kira ni a waya, don ya san ni ba na tsoron faɗa. Na zo na ba ta haƙuri, na ba ta labarin Iya tun daga rafi. Ina cikin magana na ga ta daina fisgar zaninta. Ta ce ita ba ta san komai ba, haka ta ga ana yi a gidansu, amma mamanta tana Orozo, can gefen Abuja, kuma akwai wani tulu.

Ranar Asabar muka tafi, ni da Kawu, Rifkatu ta riga mu. Daga bakin titi muka hau acaɓa, kowa da nasa. Kawu ya zauna can ƙarshen kujera ya bar fili tsakaninsa da mai babur. Ba mu yi nisa ba mutumin ya tsaya ya sauka yana duba tayar baya. Ya ce Baba, kai ba ka da nauyi, me ya sa mashin ke kwanciya kamar na ɗauki mutum biyu? Kawu ya ce ya ja a hankali kawai, akwai tsohuwa.

Mama Saratu, maman Rifkatu, na zaune a ƙofar ɗaki da muka shiga. Ni na san Iya, ina da wayo ta rasu. Da matar nan ta ɗago kai, fuskar Iya na gani. Goshin ne, idon ne, har yadda take karkata kafaɗar hagu. Bambancin kawai ɗan gicciye a wuyanta. Mu biyu muka zo, amma kujeru uku ta sa aka fito da su, ta jera.

Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk "shi" take ce musu. Ta ce mamanta tana da ƙanwa da aka aika rafi ba ta dawo ba. An sami tulun a bakin ruwa, cike, an ajiye shi daidai, babu alamar kokawa. Shi ya sa gari ya ce guduwa ta yi saboda marin. Mamanta ta rayu da wannan har tsufa. Ta hana a zuba ruwa a tulun, ta hana a bayar. Da aka tashe su daga tsohon garinsu, ta bar gadonta ta ɗauki tulun. Da za ta mutu ta ce a ajiye, wanda aka aika bai dawo ba tukuna.

Rifkatu ta fito da shi daga ƙuryar ɗaki. Baƙi ne, bakinsa ya ɗan ɓalle. Na sa hannu a ciki don ni sai na taɓa nake yarda. Tulun da ya fi ni shekaru bai ga ruwa ba, ga zafin bazara, amma cikinsa da sanyi da danshi kamar yanzu aka juye shi.

Kawu ya cire hula, ya durƙusa a gaban matar da ba ta girme shi da wani abu ba. Ya ce:

"Iya ta ce a gaya wa yayarta ba ta gudu ba. Ɗauke ta aka yi."

Mama Saratu ta juya wajen ƙofar ɗaki ta yi magana da yarensu, doguwa, a hankali, irin yadda ake yi wa mai nauyin ji. Na tambayi Rifkatu da ido, ta ce kakarta da ta rasu take gaya wa. Sannan tsohuwar ta juyo ta dubi Kawu.

"To, ruwan fa? Ruwa aka aike shi."

Na ce a ba ni in ɗebo, Kawu ya harare ni. Ya ce ba ni aka ba saƙo ba. Tsoho mai ciwon gwiwa ya ɗauki tulu ya nufi famfon unguwa, ya bi layi bayan mata, ya ƙi a ba shi gaba. Da ya cika, ya ɗora a kafaɗa. Ya taho yana tangaɗi, rabi a tulu rabi a riga, mutanen Orozo sun fito suna kallon Alhaji da tulu. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama.

Mama Saratu ta tashi da kanta ta sauke masa. Ta sha, ta ba shi ya sha, ta ba ni, ta ba 'yarta. Sauran ta juye a bakin ƙofa, ƙasa ta shanye nan take. Ta ce sannu da dawowa. Ba Kawu take kallo ba.

Muka yi sallama muka fito titi. Sai da muka shiga mota Kawu ya taɓa kafaɗarsa ya ce, Ladi, Iya ba ta gaya mini tulun nan babba ne ba.

Damina ɗaya ya ƙara a duniya. Ranar sadakar uku muna zaune cikin mata a Zuba, sai ga Mama Saratu ta shigo da sandarta, Rifkatu na riƙe da ita. Ban gaya wa kowa kamanninta ba, laifina ne. Gwaggo Hansatu, autar Iya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, tana jan carbi. Ta ɗago kai, carbin ya faɗi. Matan da ke kusa da ƙofa suka fara neman takalmansu. Gwaggo ba ta gudu ba. Ta ce, "Iya?" da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Mama Saratu ta zauna kusa da ita a tabarma, ta jawo kanta ta ɗora a cinya. Tsohuwa mai jikoki ta yi kuka kamar an yaye ta ranar.

Allah ka jiƙan Kawu Dantala, ka yafe masa jinkirinsa, ka duba cewa ya isar. Ka jiƙan Iya. Ita kuma yayar da ta tsufa tana zargin hannunta, kai ka san sunanta, ka san zuciyarta, mun bar ta a wurinka. Ka sanyaya musu makwanci, mu kuma ka ba mu ikon sauke abin da aka ɗora mana tun muna da ƙafa. Amin.