Goron Gayyata da Jar Shinkafar Abokina

Shekarun baya, bayan na ajiye aiki na dawo gida Birnin Kebbi, na tsiri wani abu da iyalina suka raɗa wa suna wasan tsufa. Na buɗe shafin intanet.

Aikina na da ya yawata da ni. Na zauna a Mopti ta ƙasar Mali, na yi shekaru a Sudan, na leƙa ƙasashen da shinkafa ce abincin safe da rana da yamma. A wurare da yawa na ga yadda manoma ke tattalin irin kakanninsu kamar ƴaƴa. Mu kuwa a fadamar Rima irin zamani ya shigo, ya kuma yi albarka, ba na musu, amma na gargajiya yana ta ɓacewa shiru ba mai cigiya.

Wanda ya tunzura ni shi ne wani abokina tun na ƙuruciya, manomi a Zauro. Yana da wata jar shinkafa da ya gada wurin mahaifinsa, irin mai bin ruwan nan, ruwa na ƙaruwa tana ƙara tsawo. Wata shekara ambaliya ta zo a guje ta fi ƙarfinta, ta kuma rushe rumbun da ragowar irin ke ciki. Da na je jaje, sai ya ce, "Alhaji, gona dai Allah na mayarwa. Amma irin Baba, a hannuna yaɓ ɓace. Mi zan hwaɗa mai in mun gamu?"

Ni kuma da bakina na bugi ƙirji. Na ce ya kwantar da hankalinsa, zan sa cigiyarta a intanet, duniya gaba ɗaya za ta gani.

Na yi watanni ina koyon haɗa shafi, tabarau a kan hanci, ina danna wannan wancan ya lalace. Da ya kammala kuwa, ya yi kyau. Na zuba bayanin irin shinkafarmu na gargajiya da Hausa da Turanci da Faransanci, har da sunayen da masana ke kiran su. Na sa hotunan fadama. Cigiyar abokina na can ƙasa, bayan doguwar gabatarwar da na rubuta a kan tafiye-tafiyena. Sai na tura adireshin shafin ga duk wanda lambarsa ke cikin wayata, na koma na zauna ina jiran duniya.

Akwai wani ɗan wuri da ke nuna mini yawan waɗanda suka shigo. Kullum da safe sai na duba kafin in karya kumallo. Mutum ɗaya. Ni ne. Ran da na ga biyu har sai da na gyara zaman hulata, daga baya maiɗakina ta gaya mini ita ce ta shiga, wai don ta ga na fara ramewa.

Damina ta zo ta wuce, abokina ya shuka irin zamani kamar kowa. Duk sadda muka haɗu sai ya ce, "Alhaji, duniyar taka ba ta hwalka ba har yanzu?" Yana dariya, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba. Ni kuwa kunya ta sa na fara rage zuwa Zauro.

Wata rana da hantsi na tarar da maiɗakina a tsakar gida tana ƙulla goro da alewa, za a raba na sunan jikar ƙanwarta. Na zauna ina yi mata ƙorafin mutanenmu ba su son karatu. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Alhaji, sadda ka aurar da ɗiyarka, takarda kaj jefa ma mutane ta bisa katanga?"

Na ce a'a.

"To mi kay yi?"

Na ce na bi gida gida da goro.

"Ashe ka sani. Harshe biyar kaka ji, amma ka mance yadda aka kiran mutane garinku. Wa zai zo gidan da ba a gaishe shi ba? Sayi goro ka tahi da ƙahwarka. In ka je kuma, don Allah kada ka yi musu lacca. Tambaye su."

Washegari na sayo goro.

Ambursa na fara zuwa, a bayan ɗan kabu-kabu, da ƙullin goro a cinyata. Na sami dattawa a inuwa, na yi sallama, aka shimfiɗa gaisuwa har ta ƙare, sannan na miƙa goron ga babbansu. Ya jujjuya shi ya ce, "Madalla. Biki na ko suna?"

Na ce, "Shafi ne."

Sai da aka yi dariya har da masu tari. Amma goro ya riga ya shiga hannu, dole a saurare ni. Na fara karanta musu abin da na rubuta, ban kai rabi ba dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, wanga bayani naka ya yi kyau, amma ba da mu kaka ba." Nan na tuna gargaɗin maiɗakina. Na rufe bakina, na tambaye su wane iri iyayensu ke shukawa a ƙasan fadama, inda ruwa ke daɗewa.

Ashe jira suke a tambaye su. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce ƙarya ne, kakansa ne ya fara kawo ta. Na nemi izini na ajiye waya a tsakiyar tabarma tana naɗar murya. Haka na yi a ƙauyuka da dama har zuwa Argungu, ko'ina da gorona. Da na dawo gida na share gabatarwar tafiye-tafiyena, abin da ya yi mini zafi ƙwarai, na jera muryoyin mutane. A sama duka na sa muryar abokina yana kwatanta jar shinkafar mahaifinsa, tsawon zangarniyarta da ƙamshinta in ta nuna.

Sannan na sake bin su ɗaya bayan ɗaya don in yi godiya, na kunna wa kowa muryarsa. Wanda duk ya ji kansa sai ya ce, "Aika ma ɗana da ke Legas." "Aika ma ƙanena, shi ji ni nah hwaɗi gaskiya." Abin da na kasa yi da harsuna uku, su suka yi shi cikin ƴan makonni. Na daina ma duba wurin ƙidayar nan.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka, wani mutum ya kira ni daga kudu. Ya ce shi ɗan kasuwar albasa ne, mutumin wani ƙauye kusa da Argungu. An turo masa muryar kawunsa, da ya shiga sai ya fara cin karo da ta abokina. Ya ce, "Baba, wagga shinkahwa da dattijon ga ka hwaɗi, innata na da ita. Kowace shekara sai ta sa an shuka mata ɗan kaɗan. Har hwaɗa muka yi mata."

Washegari muka kama hanya ni da abokina. Tsohuwar ta sa aka fito da wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Ta fasa, ta ɗebo irin gauraye da toka ta zuba wa abokina a tafi. Ya hure tokar, ya murje ƙwaya ɗaya, ya sa a baki ya ciza. Sai ya juya mana baya yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi.

Da ya sa hannu a aljihu, ta daka masa tsawa. "Kul! Iri ba a saida shi. In ka girbe, ka ba wanda bai da shi." Sai ta dube ni ta ce, "Kai na mai shafin? An ce kowa ka kai mai goro. Ina nawa?"

Ni kuwa ɗoki ya sa ban tsaya kasuwa ba. Na laluba aljihun babbar rigata don kawai in nuna na yi ƙoƙari, sai na ji ƙulli. Maiɗakina ce ta sa.

Har yau shafin na nan, ba wani babba ba ne, amma yana da mutanensa. In na tuna, godiya ce ke cika mini zuciya: ga matar da ta mayar da ni hanya, da dattawan da suka karɓi goron baƙon da ya zo musu da lacca, da tsohuwar da ta yi shekaru tana shan faɗan ƴaƴanta a kan tulu guda. Na zaga ƙasashe ina ganin na koyo yadda ake kiran jama'a, ashe abin na tsakar gidana ana ƙulla shi da alewa.

Da kaka ta yi, abokina ya aiko a kira ni. Aka kawo tuwon jar shinkafa da miyar kifi. Ya yi loma ɗaya, ya lumshe ido. Sannan ya ce, "Yanzu in na gamu da Baba, ina da abin hwaɗi."