Alhaji Abdulgani Illa, Wanda Ya Sa Wa Jiragen Tunga Ido

Haihuwa da nasaba

An haifi Alhaji Abdulgani Illa a shekarar 1968 a Tungar Gauraka, wani ƙauyen Sarkawa masunta da ke bakin Kogin Kwara a ƙasar Yawuri. Sunan mahaifinsa Malam Illa Babayo, mahaifiyarsa kuwa Salamatu, kuma shi ne na biyu a ɗakinsu, yana bin wansa Sharif.

Sana'ar gidansu tun kaka da kakanni ita ce tsayuwar goshi. Tsakanin Tunga da kasuwar tsallake akwai wata matsatsiyar hanya da ake kira Maƙogwaro, inda ruwa ke gudu yana tafasa a kan duwatsu, kuma kowace damina ambaliya kan kawo kututture ta dasa shi inda ta ga dama. Saboda haka duk jirgin fasinja da zai bi ta nan sai an ɗora masa mutum a goshi riƙe da doguwar gora, yana karanta fuskar ruwa, yana nuna wa matuƙi da hannu inda zai karkata. Shi ake kira ɗan goshi, kuma mutanen gidan Illa ne suka gaji aikin, ana ba su ladansu daga kuɗin fito.

Ƙuruciya da neman ilimi

Ya fara karatun allo a hannun limamin Tunga, ya kuma sauke Alƙur'ani da wuri, domin abin da ke kusa da idonsa ba ya wuce shi. Na nesa ne matsalarsa. A shekarar 1980 mahaifinsa ya tsayar da shi a goshi karo na farko, kuma a wannan fitowa ce jirgi ya hau kan kututturen da kowane fasinja ya hango in ban da mai aikin hangowa. Ba a yi asarar rai ba, buhunan albasa ne kawai suka tafi. Duk da haka Malam Illa, wanda ba ya yanke hukunci sau biyu, ya zare gorar daga hannun yaron a gaban jama'a ya miƙa wa Sharif. Daga ranar yaran gari suka laƙaba masa Dundumi, manya kuma suka taya su.

An kai shi makarantar boko a Yawuri, ba don ana sha'awar ya yi ilimi ba, sai don an rasa yadda za a yi da Basarken da ba ya gani. A can ne wani malami ya lura da yadda yake matse ido idan yana duban allo, ya kai shi aka yanka masa tabarau a shekarar 1983. Abin da ya raba shi da gadon gidansu ke nan, abin da kuɗin tarwaɗa kaɗan za su magance da wani ya damu ya bincika. Ya kammala sakandare a 1987.

Sana'a da aure

Bayan makaranta ya koyi gyaran injin jirgi a bakin ruwan Yawuri, daga nan ya shiga sayar da kayan gyara, yana saro su daga Kano da Legas. A 1996 ya auri Habsatou, 'yar wani mai jirage daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar, mace mai haƙuri da ƙarancin magana, kuma Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa ya rasu a 1999 ba tare da ya taɓa ce masa ya yi abin kirki ba. Ya sauke farali a 2003.

Zaman Guangzhou

A shekarar 2006 ya tare a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda ya buɗe ɗan ofishi yana tura injuna da taru da kayan gyara zuwa garuruwan bakin Kwara. Mai yi masa lodi shi ne Alhaji Rauf, mutumin zangon Kumasi, wanda ya zama amininsa har ƙarshen rayuwarsa. Takwarorinsa na Kano kan tafi garin Xintang da ke kusa su cika kwantena da wanduna, su dawo suna tsokanarsa cewa ya ƙetaro rabin duniya don ya sayar wa masunta ƙugiya. Bai taɓa damuwa ba. An san shi da tsare sahun gaba a Masallacin Huaisheng ranar Juma'a, an kuma san shi da wata ɗabi'a da abokansa ba su gane kanta ba: duk lokacin da ya hau jirgin fito na kogin da ya ratsa birnin, ba ya zama, can gaba yake tsayawa yana kallon ruwa har a isa.

Samun na'urar

A bajekolin Pazhou na kakar 2018 ya ci karo da na'urar da Turawa ke kira sona. Ya daɗe da sanin irinta ta dā, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta zana abin da ke ƙarƙashin jirgi a gilashi, amma bai taɓa ganin amfaninta ga mai fito ba, tunda kafin ta nuna dutse an riga an hau kansa. Wannan sabuwar kuwa gaba take kallo. Kifi ko dutse ko kututture, tana nuna shi yana tahowa tun da sauran tazarar kaucewa. Masu ita don masunta suka ƙera ta, shi kuwa Maƙogwaro ya tuna.

Bai yi garaje ba, kuma wajibi ne tarihi ya shaida masa wannan. Ya ɗauki hayar jirgi ya gwada ta a kogin birni ta yi kyau, sannan ya kai ta kogunan tsaunuka masu gudu da ke arewacin lardin da birnin yake, inda ya gano aibinta: idan ruwa ya yi kumfa sosai, gilashin fari fat yake komawa, ba ya nuna komai. Wato a daidai inda aka fi bukatarta, nan take makancewa.

A farkon 2019 ya sayi guda takwas da dukiyarsa ya aika gida sadaka, kowane jirgin fasinja guda. Ya haɗa da saƙon murya da aka saurara a dandalin gari, inda ya bayyana aibin dalla-dalla, ya ce a rage gudu a Maƙogwaro, ya kuma rufe da cewa: “Jama'a, wannan abu tabarau ne, ba ido ba ne. Ku ba Yaya Sharif da yaransa su riƙe shi a goshi tare da gorarsu.” Niyyarsa ita ce ya je da kansa a shekarar da ke biye ya koyar da su. Sai annoba ta rufe hanyoyin duniya, ya maƙale a Guangzhou.

Abin da aka yi da sadakar

Masu jirage sun ji saƙon sarai, sai dai sun ɗauki rabin da ya yi musu daɗi. Da rani ruwa ya kwanta, na'ura na nuna kowane dutse tamkar an zana shi da alli, sai suka ga babu dalilin ci gaba da raba kuɗin fito da gidan Illa. Suka mayar da gilashin baya kusa da matuƙi, suka sallami 'yan goshi ɗaya bayan ɗaya, suka jera fasinjoji a wurin da mai gora ke tsayawa, suka kuma ƙara wuta don a samu ƙarin sawu ranar kasuwa. Sharif, wanda ya shafe shekara arba'in a goshi ba tare da jirginsa ya taɓa kifewa ba, ya koma gindin bishiya yana ɗinkin taru.

Ba wanda ya sanar da Alhaji Abdulgani. Hotuna ake turo masa da addu'o'i da kirari, waɗanda suka kira shi Dundumi jiya suna kiransa hasken Tunga. Sharif kuwa girman kai ya hana shi kai ƙara wurin ƙaninsa, sai kawai ya daina ɗaukar waya. Alhaji ya zaci rashin layi ne.

Hatsarin Maƙogwaro

A watan Satumba na 2021, ranar kasuwa, da ruwa ya cika ya batse, wani jirgi maƙare da mutane ya shiga Maƙogwaro a guje ba kowa a goshinsa sai fasinjoji, ya daki kututture ya dare biyu. Mutum ashirin da uku suka rasu, akasarinsu mata masu kai ƙuli-ƙuli da bandar kifi. Matuƙin ya tsira, kuma abin da ya faɗa wa dattawa gaskiya ne: gilashin fari fat ya nuna masa.

A kan wannan magana aka rufe bincike. Babu wanda ya tambayi wa ya sauke mai gora, babu wanda ya sake kunna saƙon muryar, alhali yana nan a wayar rabin gari. Masu jirage suna zaune a majalisar dattawan, Alhaji Abdulgani kuwa yana nesa, don haka shi aka ɗora wa laifin. Aka hana ɗora na'urar a jirgin fasinja, aka dawo masa da tsohon sunansa, kowa na cewa makaho ya aiko da makauniya. Abin takaicin da ya fi wannan shi ne ba a mayar da 'yan goshi ba. Na'urori bakwai da suka rage kuwa masunta suka saye su da araha, suka riƙa hango giwan ruwa a cikin zurfafan guraben da take ɓuya suna zagaye ta da taru, har wasu suka rubuto masa ba kunya suna neman ya turo ƙari.

Alhaji Rauf ya shaida cewa a ofis labarin ya same shi, ya cire tabaransa ya ajiye. Shekara biyu ya yi yana bin masana'antu yana neman wadda za ta iya gani ta cikin kumfa, amsa guda yake samu, meyo, wato babu. Wani mai masana'anta da ya ji tausayinsa ya gaya masa kai tsaye cewa ya daina wahalar da kansa, a irin wannan ruwa mutum ake sawa a goshi.

Ziyarar gida

A 2023 ya samu zuwa Tunga. Ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya yana ta'aziyya, wasu suka shimfiɗa masa tabarma, wasu suka ce maigida ba ya nan alhali ana jin tarinsa. Ya tara masu jirage ya roƙe su da girman Allah su mayar da mutum goshi, ya kuma yi alkawarin shi zai riƙa biyan ladan daga aljihunsa muddin yana raye. Shugabansu ya saurare shi cikin ladabi, sannan ya ce: “Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma goshin nan yanzu mutum huɗu yake ci. Wa za mu ce ya sauka?”

Ko da sun yarda ma, masu tsayawar sun watse. Samarin gidan Illa sun tafi acaɓa a Yawuri, wasu sun tafi haƙar zinariya, kuma ba a koya wa yaro ko ɗaya karatun ruwa ba tun da aka sallame su. Ya tarar da Sharif ya tsufa fiye da shekarunsa, ƙafa ta kumbura, ba ya iya doguwar tsayuwa. Ya durƙusa ya gaishe shi ya fara bayani, wansa ya tare shi da cewa: “Baba ya karɓe gora a hannunka ya ba ni, kai kuma ka aiko daga Sin ka karɓe. Mun yi daidai, ƙanena. Sha ruwanka.” Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu. Sharif ya rasu a 2024.

Shekarun ƙarshe

Ya koma Guangzhou a karye. Ya ci gaba da tura injuna da taru domin iyali, amma bai sake sayar da na'urar ko guda ba, duk da cewa ita ce ta fi ciniki a lokacin kuma wasu sun yi arziki da ita a idonsa. Hawan jini ya kama shi, ganinsa ya ƙara raguwa har sai an kama masa hannu zuwa masallaci. Bai daina kiran masu jirage a waya duk farkon damina yana maimaita roƙonsa ba, su kuma ba su daina cewa za a duba ba.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa a wani asibiti a Guangzhou a watan Yuli na 2025, yana da shekara hamsin da bakwai. Alhaji Rauf ne ya yi masa wanka, kuma jama'ar Kano da Yamai da Kumasi da Musulmin ƙasar suka sallace shi, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta birnin. A Tungar Gauraka an sanar da rasuwar bayan sallar Azahar, ba a cika sahu biyu wajen addu'a ba. Masu jirage sun aiko da uzuri, ranar kasuwa ce. Allah ya jiƙansa, ya kuma yi masa hisabi da niyyarsa.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Habsatou da 'ya'ya huɗu: Abdulhakeem, wanda ya gaji ofishinsa a Guangzhou, Jamaldeen, ɗalibi a Sakkwato, Zulaiha, tana aure a Gaya, sai babbarsu Rekiya, malamar makarantar firamare ta Tunga, wadda aure ya kai ta tsallake. Kowace safiya takan bi ta Maƙogwaro zuwa aiki da goyo a bayanta, a cikin jirgin da babu na'ura babu mai gora, kuma idan jirgin ya cika, a goshi ake ba ta wuri.