Tankin da Ya Faɗi da Sunan Baban Ummi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Baban Ummi, injiniyan ruwa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma abu ɗaya na lissafinsa ya zauna mini daram: ba a raba lamba da sifili.

A tsakar gidanmu na Abakpa yakan nuna wa yara yadda kwamfuta ke warware lissafin haruffa. Ya ce a lissafin rabawa tana soke abin da ya yi kama a sama da ƙasan layi, ba ta tambaya ko wata rana na ƙasan zai zama sifili. Shi ya sa kafin ya zuba lambobi a gurbin haruffa, sai ya koma lissafin asali ya duba ƙasa.

Baban Ummi yana jinyar mahaifiyarsa, sai wani injiniya abokin aikinsa ya ɗauki lissafin wani tankin ruwa. Ya zuba tsawon ginshiƙai biyu da suka zo daidai, bambancinsu sifili, alhali da wannan bambancin aka yi rabon tun farko. Kwamfuta ta ba shi amsa mai kyan gani, aka yi gini a kanta. Tanki ya faɗi. Gaban kwamitin bincike mutumin nan ya rantse cewa lissafin Baban Ummi ne. Aka kori maigidana daga aiki. Hawan jini ya ƙarasa sauran.

Yau yara waya suke tambaya, ta amsa, su kwafa. Da Baban Ummi yana nan, na san zai karɓi wayar ya ce a fara duba ƙasa.

Watan jiya mutumin da ya yi rantsuwar nan ya aiko mota daga Unguwar Rimi, wai yana kwance, yana neman yafiya. Na je. Ya rame ƙwarai, ban ji komai a raina ba.

“Maman Ummi, a yafe mini don Allah.”

“Injiniya, a gaban mutane ka ɓata shi. A gaban mutane za ka wanke shi.”

Ya juya fuska bango.

Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ban yi masa baki ba, ban kuma yafe ba. Baban Ummi bai bar gida mai katanga ba. Ya bar Ummi, wadda yanzu take koyar da lissafi, ɗalibanta suna ƙorafin ba ta karɓar amsa sai an nuna mata ƙasa. Sunansa ne kawai ya rage a hannun wani.

Injiniya, na san ana karanta maka jarida. Masallacin unguwarku yana da lasifika. In ka riga ni tafiya ba ka faɗa ba, akwai wurin Hisabi, inda ba a soke komai.