Yadda Na Toshe wa Mota Baki

Shekarar da fari ya koro mutanen ƙauyenmu daga ƙasar Tawa, ni ke tuƙa motar daraktan rabon hatsin agaji a Yamai. Motar ta tsufa tuƙuf. Ƙofofi na kaɗawa, gilashi na karkarwa, tun muna unguwar Gawai ake jin tahowarmu a mangazar da ake ajiye hatsin.

Mai riƙe da makullin mangazar ya san da haka. Da ya jiyo mu sai ya rufe ƙofar baya, inda yake sayar wa ƴan kasuwa buhunan talakawa, ya zauna yana jan carbi. Munafuki!

Kawuna, wanda ya rene ni, ya kwana uku a layi da takardar rabonsa, jikokinsa na jiransa a wata rumfar tabarma a Gamkalle. Mutumin nan ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Tsoho, hatsi ya ƙare. Je ka dafa takardar." Na ga Kawu yana share ido da gefen rawani. Wallahi na tsani mutumin, har yau ban yafe ba.

In kai ƙara? Zamanin soja ne, direba ya zargi ma'aikaci ba shaida, shi za a kulle. Sai na ce wa darakta, "Ranka ya daɗe, ƙarar motar nan na sa maka ciwon kai, bari in duba ta."

Kwana biyu na yi a kanta. Na kwance fatun ƙofofi na cusa audugar katifata. Na yanka robar cikin taya na sa a bakin gilashi, na shimfiɗa bargona ƙarƙashin kujeru, na ɗaure salansa da waya. Kowane ƙulli na yi, fuskar mai makullin nake gani.

Ran Laraba da hantsi na bi da darakta ta hanyar baya, a hankali. Muka tsaya dab da amalanken da ake wa lodi, mai makullin kuwa yana tsaye da buhu a hannu. Bai ko kalli darakta ba, motar ya tsura wa ido.

"Ban ji ku ba," in ji shi.

Na ce, "Ai an gyara ta, malam."

Jandarmomi suka tafi da shi. Da la'asar na kai wa Kawu rabonsa a motar. Sai da na yi sallama ya ɗago kai. Ya karɓi buhun, ya ce a auna wa maƙwabta tiya guda, tunda bakunan da za su ci sun ragu da ɗaya, an binne jika guda daren jiya.