Yawun Baba a kwalba

Shekarun baya, ina sabuwar ma'aikaciya a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a unguwar Moursal, idon mahaifina ya fara yin rawaya. Ya rame, abinci sai ya taɓa ya ture. Muka yi juyin duniya ya je a duba hantarsa, ya ƙi. Mutumin da bai tsoron kowa a unguwarmu ta Ridina, allura ce ke sa shi gumi.

Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ce akwai dabara. Wani tsohon maganin zazzaɓi ne, antipirin. Mutum ya sha, a riƙa karɓar yawunsa lokaci-lokaci. In maganin ya daɗe bai bar jiki ba, hanta ta gaza. Na dawo gida da ƙananan kwalabe ina taƙama, ni a dole ƙwararriya.

Baba ya juya kwalba ɗaya a hannunsa. “Da shunu? Mene ne wannan? Uwata, yawu kuma?” Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

“Ba allura, Baba. Tofawa kawai za ka yi.”

Ya yarda, ya sha maganin. Da yake bai ɗaura agogo, muka bi lokutan salla wajen karɓar yawun. Matsalar ɗaya ce: shi ne mai yi wa yaran unguwa tofi in zazzaɓi ya kama su, don haka bai iya tofa yawu haka kawai ba. Kowace kwalba sai ya karanta mata Fatiha. Ni ina tsaye ina duba agogo ina ƙunƙuni, wai zai ɓata mini lissafi.

Bayan kwanaki sakamako ya fito, ba daɗi. Na durƙusa gabansa, duk ƙwarewar ta gudu, na faɗa masa.

Ya saurara har na gama. Ya ce, “Kalas, shi ke nan. Miƙo mini hulata.”

Ranar muka je asibiti, ya miƙa hannu aka ɗebi jini, ya kau da kai kamar yaro. Da magani da kiyaye abinci, Allah Ya ƙara mana shekara tara tare da shi.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin wayona. Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta ce, “Ke dai! Ya fi wata uku da sanin jikinsa ba daidai ba. Cewa ya yi in dai mugun labari ne, ba zai ji shi a bakin baƙo ba.”

Har yau ina kewarsa. Ashe duk ƙin da ya yi, jira yake in iya aikina.