Kunnen Inna Mai Cuku

Inna Mai Cuku ba ta san zama ba. Kafin a buɗe shagunan layinmu ta gurza cuku cike da kwano, ta barbaɗa masa ɗan fulawa, ta ɗora kasko a wuta kaɗan. Tana zuba shi cokali-cokali, tana danne shi ya yi fele-fele, bakinta na faɗa da kyanwa, idonta na kan kasko. Ba ruwanta da agogo. In ta kwashe ya huce a kan rariya, sai ta ɗauki ɗaya ta karya a jikin kunnenta. In bai ce ƙaras ba, ba zai bar gidan ba. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Mai shagon bakin titi ya ba ni labarin ranar da ta dawo masa tana haki, ta kwashe kwalaben cuku biyun da ta kai masa, wai ta tuna da sauran ɗumi ta rufe su. Ya ce, "Haba Inna, wa zai gane?" Ta ce, "Ni."

Ni kuwa ganau ce. Bara autata ta tashi daga doguwar jinya ta ƙi abinci. Duk abu mai laushi sai ta kau da kai. Likita ya ce in ta ƙara ramewa sai an sa mata robar abinci ta hanci. Na yi lallashi, na yi tsawa, na yi kuka. Inna ta shigo ba wanda ya kira ta, ta zauna kusa da yarinyar, ba ta ko dube ta ba, ta fara taunar cukunta ƙaras, ƙaras. A na huɗu Auta ta miƙo hannu. Daga nan aka samu hanya, har shinkafa ta biyo baya, amma har yau sai ta fara da cukun take yarda da sauran.

Inna, ke ce mai kunnen da ba a ruɗa. Ke kika tare mana asibiti da kasko ɗaya.

Yanzu hannun Inna ya fara rawa saboda tsufa, ɗanta zai ɗauke ta ta koma wurinsa ƙarshen wata. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Na ce ta koya mini. Sau uku ina ɓatawa, don ni da ita duk ba ma iya tsayawa wuri ɗaya, sai dai ita ta san inda ake jira.

"Ke dai gaggawa, 'yar nan! Kin rufe shi da zafi, gumi ya kashe shi. Ki bar shi ya sha iska."

"Inna, ai ya huce."

"A hannunki ya huce. Kin tambayi kunnenki?"

Jiya na haɗa hannuwana a baya na tsaya gaban rariya ina jira ya huce, ƙafata na ƙaiƙayi. Inna na gefe, ta kasa zama. Na karya ɗaya a jikin kunnena, ya ce ƙaras. Ban ma juyo ba na ji takun Auta daga ɗaki.

Na gode, Inna, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu wata sana'a a hannu, kada ku tafi da ita, ku koya wa na kusa. Da Inna ta ɗanɗana nawa, cewa ta yi gishiri ya yi kaɗan, sannan ta naɗe kaskon a zane ta ajiye mini a bakin ƙofa.