Kwabban Rumawa da Usman ya bar mini

Shekara bakwai ke nan da muka binne Usman tela, kuma har yau raina bai kwanta a kan amanarsa ba.

Na san shi ina ɗalibi a nan ƙasar Larabawa, a unguwar Hay el-Sabi', shi kuma Bahaushen Sudan ne mai shago a unguwar Arba wa Nus. Na kai masa ɗinkin jallabiyya, sai na tarar da shi yana goge wani baƙin kwabon tagulla da tsinke da man zaitun. Ya ce na sarakunan Rumawan Kustantiniyya ne. A hannun masu gwangwan yake tsinto su. Daga gemun sarki da yadda ya riƙe gicciye yake gane zamaninsa, sannan ya rubuta a ɗan kati da ajami. Kwabo ɗaya kan ci masa wata uku. Yau yara na ɗaukar hoto da waya ta ba su amsa nan take. Ina jin da ya gani sai ya yi tsaki, sannan ya faki idona ya gwada.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya miƙo mini gwangwanin da yake tara kwabban da katunan a ciki. "Ka kai wa hukumar kayan tarihi, Malam. Na ƙasar nan ne. Ni tsoro ya hana ni."

Ni ma tsoron ne. Baƙo mai iƙama, takardar zama ta shekara-shekara, in aka ce fasa-ƙwauri nake yi fa? Sau biyu ina shiga mota da gwangwanin, ina sauka a hanya. Na sauya gida sau uku, yana ƙarƙashin gadona.

Watan jiya 'yarsa Nafisa ta zo. "Baffa, yalla, tashi mu kai su. In kamu ne, a kama mu tare."

Muka je. An yi mana tambayoyi har la'asar, aka karɓi kwabban, aka maido mana katunan, wai ba mai iya karanta su. Na fito ina jin kamar ya sake rasuwa.

Nafisa ba ta yi kuka ba. Ta zaunar da ni, ina karanta ajamin, tana juya shi zuwa Larabci. Mun gama kati arba'in. Ranar Lahadi za mu mayar musu, ko sun so ko sun ƙi.